Mama Ozella Ta Tafi, Rafi Ya Kawo

Cikin alhini da sanyin jiki, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji wanda ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Matuƙa Kwale-kwale ta Kwarin Hazlett, a madadin Shugabarta, Dokta Imogene Sizemore, da kwamitin amintattu, da dattawan ƙungiya waɗanda gwiwoyinsu suka daina lanƙwasuwa cikin kwale-kwale amma bakinsu bai daina ba da umarni ba, da ɗaukacin mambobinta na North Carolina da Tennessee, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar uwarta, mambarta ta girmamawa ta har abada, mai ƙofar da muke bi mu shiga Rafin Hazlett, Uwargida Ozella Mae Cagle, matar marigayi Verlon Cagle, dikon, wato mai hidima a coci, wadda duk mai shiga ruwan nan yake kira Mama Ozella. Ta rasu ranar Talata da safe a gidanta na gefen gada, tana da shekara tamanin da ɗoriya, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarta ranar Asabar a maƙabartar cocinsu da ke kan tudu. Ta bar ɗa ɗaya, Mista Wendell Cagle, da jikoki biyu.

Ƙungiya ta san wannan saƙo ya makara, kuma ya kamata iyalin marigayiya da jama'a su ji dalili. Tsakanin jana'iza da yau abubuwa biyu sun faru: rafi ya kawo irin kawowar da aka yi shekaru ba a gani ba, sannan ƙofar da ba a taɓa sa wa kwaɗo ba yanzu tana kulle, mabuɗin kuma yana aljihun Mista Wendell. Sai da muka san inda muka tsaya kafin mu buɗe baki. Shugaba ta ja mini kunne kafin in zauna rubutu, ta ce, "Royce, ta'aziyya aka ce ka rubuta, ba rahoton ruwa ba. Ka ji ko?" Na ce na ji, kuma zan yi iya ƙoƙarina.

Marigayiya ba ta taɓa sa ƙafa cikin kwale-kwale ba, ta kuma sha faɗa cewa Allah ya yi ruwa ne don baftisma da wanki da dafa wake. Amma hanya ɗaya tak ke kaiwa saman rafin, ita ce wadda ta ratsa makiyayar shanunta, domin ko'ina ban da nan dutse ne a tsaye. Shekaru talatin da wani abu da suka wuce, lokacin da na farkonmu suka tsaya a bakin shingenta da kwale-kwale a kafaɗa da hulunan kwano a ka, tana da cikakken ikon sakar musu karnuka, kamar yadda masu gonaki da yawa suka yi a wasu kwaruruwan. Sai ta ƙare musu kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Uwayenku sun san kuna nan?" Daga nan ta ɗage wayar da ke riƙe da ƙofar, ta ce su rufe bayan sun wuce, kada maraƙi ya fita. Tun daga ranar ba ta karɓi komai a hannun kowa ba. Dokarta dai, duk wanda ya shiga sai ya biyo ta baranda ya nuna fuskarsa in ya fito, kuma duk wanda ruwa ya raba shi da kwale-kwalensa sai ya faskara mata itace kafin a ba shi wainar masara da kofi. Ƙungiya tana alfahari, tana kuma jin kunya, cewa babu gidan da ya kai nata tarin itace a duk gundumar.

Babbar hidimarta ita ce wayar tarho da ke manne a bangon kicin. Rafin Hazlett ba shi da madatsa, ruwan sama kaɗai ke raya shi, yakan tashi cikin rabin yini ya kuma faɗi kafin mutum ya gama neman izini a wurin aiki, ma'aunin ruwa na gwamnati kuwa yana can ƙasa a babban kogi, bai san abin da ake ciki a nan ba. Daga tagar Mama Ozella ana hango wani dutse a tsakiyar ruwa mai doro da ɗan kai, wanda muke kira Kunkuru. In ta ce Kunkuru na shan rana, ka zauna gida ka gyara rufin da matarka take ta magana a kai. In ta ce ya nutse, ka zauna gida ka gode wa Allah. In kuwa ta ce ruwa ya kai masa wuya, to ruwa ya yi daidai ke nan, malamai sukan bar aji, kafintoci su bar ƙusa a rabi, an ma taɓa samun likitan haƙori da ya sallami layin marasa lafiya da sunan rasuwa a dangi. Mutane sukan tuƙo mota tun daga Ohio a kan kalma ɗaya daga bakinta.

Yanzu da ta koma ga Mahaliccinta, ƙungiya tana ganin babu laifi a faɗi abin da kowa ya sani amma ba a faɗa: ba kowa take faɗa wa gaskiya ba. Tana jin muryar mutum ta san ko ya kwana lafiya, ko ya sha, ko ya yi faɗa da iyali, ko kuma dai bai isa ba. Mambanmu Mista Dewey Plott ya ba ni izini in kawo nasa. Wata kaka, matarsa na da tsohon ciki, ya buga waya, Mama Ozella ta ce masa, "Kai ɗan nan, ruwan ko agwagwa sai dai ta taka da ƙafa. Koma ka kwanta." Bai daɗe da ajiye waya ba Dokta Sizemore ta buga, aka ce mata wuya ne, ta hanzarta. Da labari ya kai wa Dewey, ya zo baranda yana huci. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga ɓarar waken da take yi, ta ce, "Eh, ƙarya na yi maka. Je ka kai ni ƙara wurin fasto. In ta haihu ka kawo mini jaririn in gani." A daren nan matar ta haihu. Akwai mutane da dama a cikinmu da ke yawo da ƙafafunsu yau saboda ƙaryar wannan baiwar Allah, kuma ƙungiya tana roƙon Ubangiji ya rubuta mata ita a cikin ayyukan alheri.

Wajibi ne a yi maganar ranar Asabar. Tun farkon bazara rabonmu da ruwan kirki, Kunkuru ya bushe har ciyawa ta tsiro a doronsa, sai ga masu hasashen yanayi sun ce hadari na tahowa daga kudu. Mambobi suka cika harabar coci, kowace mota da kwale-kwale ɗaure a kanta, ja da kore da ruwan ɗorawa, aka jera su bayan motar gawa. Babu ɗayanmu da ya ga wani laifi a ciki, domin matuƙi ba ya sauke kwale-kwalensa daga kan mota in hadari na gari, ni kaina da nawa na je ɗaurin aurena. Fasto na tsakiyar addu'a a bakin kabari ɗigon farko ya sauka a kan akwatin, nan take kawuna kusan arba'in da ya kamata su kasance a sunkuye suka ɗago sama a tare. Kafin a ce amin ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Dewey, wanda yake cikin masu ɗaukar akwati, ya raɗa wa na kusa da shi, raɗar da aka ji har bakin titi: "In ya ɗore haka, gobe da safe wuya ne." Fuskoki na jiƙe da hawaye na gaske, amma wasu baki har kunne.

A wurin cin abinci a zauren coci Mista Wendell ya tako har gaban Shugaba, da faranti a hannunsa bai taɓa komai a ciki ba, ya ce, "Binne uwata kuka zo yi, ko duba ruwa?" Shugaba ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan yi maka ƙarya a ranar nan ba. Duka biyun ne, ita ma ta san haka muke." Ya ajiye farantin ya fita. Ƙungiya tana ba shi haƙuri a bainar jama'a a kan wannan, ba tare da wani kwana-kwana ba, domin abin da muka ɗauka gaisuwa ce gare ta shi ya gan shi cin fuska ne, kuma shi ne ɗanta.

An kwana ana ruwa, ya ɗauke da asuba, gari ya waye tas. A nan Shugaba za ta yi mini haƙuri. Jama'a, wanda bai ga Rafin Hazlett ranar Lahadin nan ba bai san abin da ya wuce shi ba. Ruwa ya kai wa Kunkuru wuya daidai, ba sama ba ƙasa, ya kuma tsaya a nan cak, domin ƙasa ta ƙoshi, duwatsu na ta tsiyayo shi a hankali. Jan laka na farko ya riga ya wuce, abin da ya rage kore ne garau, kana ganin tsakuwar ƙasa ta cikinsa. Daga kan gada ana hango Tsani, jerin matsirgogin farko, wato wuraren da ruwa ke faɗowa daga kan dutse, kowace da harshenta sumul yana zubowa cikin farin kumfa, kowace da lungunta na hutawa a gefe, a cike, a kwance, yana jiran mutum ya juyo da hancin kwale-kwale ya shige. Gungumen itacen da ya tokare bakin gurbin da muke kira Tukunya tun bara, wanda muka yi ta shawarar yadda za mu sare shi, ambaliyar dare ta ɗauke shi ta jingine a gaɓa kamar an aike ta. Daga can cikin kwazazzabo kuwa ana jin Maƙogwaro, inda rafin duka yake matsewa tsakanin duwatsu biyu ya faɗa ƙasa, yana wani gurnani mai kauri da ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Rana ta fito, iska ba sanyi, ganyen kaka ja da rawaya na bin ruwan. Na kusa shekara talatin ina shiga rafin nan, ban taɓa ganin sa da kyau haka ba.

Hantsi bai yi ba mun taru a bakin shinge, kowa da rigar ruwa da hular kwano da filafili. Ƙofar na nan yadda take kullum, 'yar waya ce kawai ke riƙe da ita. Babu wanda ya taɓa. Ba mu yi shawara ba, ba a ba da umarni ba, kowa dai ya iso ya tsaya, domin ba a taɓa shiga ba sai ta ce a shiga. Wata mambarmu ta ciro wayarta ta buga lambar gidan saboda sabo, muka ji tarho yana ta ƙara a kicin ta tagar da aka bari a buɗe, sai ta zauna a ciyawa ta fashe da kuka.

Muna nan Mista Wendell ya sauko daga baranda da sarƙa da sabon kwaɗo. Mutum ne mai shekara kusan sittin, ma'aikacin inshora a birnin Charlotte, mai tumbi daidai gwargwado da takalmin ofis. Ya tsaya yana kallon ruwan ya daɗe, sannan ya yi magana, ba da faɗa ba. Ya ce, "A ɗakin can na sama aka haife ni. Da ƙarar rafin nan nake barci har na bar gida. Kun san ban taɓa ganin Maƙogwaro ba? Sunansa kawai nake ji a bakinku. Ranar da na wuce Kunkuru da ƙafa ina yaro, dukan da na sha har yau ina tunawa. Da na girma na ce zan koya, ta ce sai bayan ranta. Amma kowane ɗan iska daga Ohio ya zo da hular kwano, ta buɗe masa ƙofa ta ba shi kofi." Ya ɗaga kwaɗon ya ce, "To ga shi yanzu bayan ranta ne. Ku sa ni a ɗaya daga cikin abubuwan nan ku sauka da ni yau, in ga abin da aka hana ni. In kun yi, zan jefa wannan cikin ruwa, ƙofa taku ce har jikokinku. In kun ƙi, in kulle."

Ƙungiya ba za ta ɓoye ba, akwai waɗanda suka fara lissafi. Dewey ya ce a hankali yana da kwale-kwale mai cin mutum biyu, in an sa baƙon a gaba, aka jera masu igiyar ceto a kowane gurbi, wataƙila. Ni ma zuciyata ta ce wataƙila. Ruwan na gabanmu, ƙofar shekara talatin na hannun mutumin, abin da ya nema kuma bai fi tafiyar rabin yini ba. Amma duk wanda ke wurin ya san abin da Maƙogwaro ke yi wa mutumin da bai iya juyo da kwale-kwale ba in ya kife, akwai wani rami ƙarƙashin dutsen hagu da ruwa ke shiga ba ya fito da abin da ya ɗauka.

Shugaba ta cire hular kwanonta ta ce, "A'a, Wendell. Ba yau ba, ba bana ba. Ka kulle." Ya ce, "Kin san me kike cewa?" Ta ce, "Na sani. Jiya na binne uwarka, ba zan binne ka jibi ba don in samu hanyar wucewa. Da ita ce a tagar can, da ta ce maka ruwan ko agwagwa ba zai ɗauka ba. Ni ban iya ƙarya kamarta ba. Ruwan ya yi, kai ne ba ka yi ba." Ya tsaya yana kallon ta, idonsa ya kawo ruwa. Dewey ya ce, "Yallaɓai, ni sau ɗaya ta yi mini ƙarya a kan rafin nan, na daɗe ina taƙama da ita. Kai shekara hamsin ta yi tana tare ka." Mista Wendell ya juya ga ƙofar. Ya zagaya sarƙar, ya danna kwaɗon, muka ji ƙarar rufewarsa duk da gurnanin ruwa.

Ya kama hanyar gida, ya yi nisa kaɗan, sai ya juyo ya ce, "Mutum kamar ni, yaushe zai isa?" Shugaba ta ce in ya dage, in kafaɗunsa sun yarda, shekara biyu ko uku. Ya ce, "To ranar da kika ce na isa, ranar zan buɗe, ni ne kuma zan fara wucewa. Kafin nan ku ma ku ɗanɗana abin da na ɗanɗana, ku ji shi da kunne."

Saboda haka ƙungiya tana farin cikin sanar da cewa Mista Wendell Cagle ya zama mambanta, kuma ya fara darasi ranar Talata a tafkin shanun da ke gaban gidan. Ba a taɓa ganin ɗalibi ɗaya da malamai masu yawa haka ba. Mutanen da suka sauka manyan koguna a nahiyoyi uku sun kewaye tafkin da bai wuce ƙugu ba, cikin kashin shanu, kowa na ba da umarnin da ya saɓa wa na ɗan'uwansa, har sai da Shugaba ta kori rabi. Ya kife tun kafin ya bar gaɓa, ya taso da laka har gira, ya tofar, ya ce a sake. Masu ido a cikinmu sun ce ƙugunsa na da kyau wajen juya kwale-kwale, ba ya tsoron sa kai a ruwa, kuma taurin kan gidan Cagle yana nan cif. Dewey na cewa shekara ɗaya da rabi ta isa, an kuma hana shi kusantar ɗalibin.

Kwamitin amintattu yana umartar duk mambobi da baƙi masu zuwa daga nesa cewa Rafin Hazlett a rufe yake har sai mai ƙofa ya buɗe. An ce wani hadarin na tafe ƙarshen makon nan, mai yiwuwa ya fi na baya. Duk wanda ya tsallake shingen nan ya fita daga ƙungiya, ko wane ne shi, ko da ni ne.

Zuwa ga Mista Wendell, da maiɗakinsa, da jikokin marigayiya, da dukan dangin Cagle da jama'ar cocinta: mu ba mutane ne da suka iya zaman makoki ba, kun gani da idonku. Amma muna so ku san abin da ya faru bayan kun shiga gida ranar Lahadi. Shingen nan bai kai ƙirji ba, yaro ma zai haura, kuma babu mai kallon mu. Babu wanda ya haura, babu kuma wanda ya tafi wani rafin, alhali duk kwaruruwan yankin sun kawo. Muka zauna a ciyawa da rigunan ruwa a jikinmu tun hantsi har rana ta faɗi, muna jin ruwan da muka yi shekaru muna jira yana wucewa, har Kunkuru ya fito da kafaɗunsa. Ba mu da abin da ya fi wannan ruwan daraja a wurinmu, shi muka bari ya wuce saboda ita da ku. Ku karɓe shi a matsayin ta'aziyyarmu.

Muna roƙon Ubangiji Mai Jinƙai ya gafarta wa Mama Ozella, ya karɓe ta cikin salama, ya ba ta hutu bayan doguwar hidima, ya ba iyalinta da mu duka juriyar wannan babban rashi, ya kuma ƙara wa ɗanta lafiya da ƙarfin kafaɗa, ya nuna mana ranar da zai ga Maƙogwaro da idonsa ya kuma fito lafiya. Amin.

Sa hannu:

Royce Hensley
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Matuƙa Kwale-kwale ta Kwarin Hazlett
A madadin Shugaba da Kwamitin Amintattu